Ƙanwa a Sama, Yaya a Ƙasa

Wasan da Amurkawa suke kira ciyalidin, mu ce wasan zuga, da ihu ya fara. A ranar 2 ga Nuwamba, 1898, wani ɗalibin Jami'ar Minesota mai suna Johnny Campbell ya miƙe gaban 'yan kallon ƙwallo yana ba su baki suna amsawa, don 'yan wasan makarantarsu su ji ƙarfi. Yau abin ya wuce ihu. Yara ne, galibinsu mata, wasu tun suna shekara biyar, suke tsalle da alkafura da rawa, su ɗaga ɗaya daga cikinsu sama da tsayin mutum, su cilla ta, su cafe. Akwai masu yi a gefen fili ƙarƙashin ƙungiyoyi irin su Pop Warner, akwai kuma waɗanda ba ruwansu da ƙwallo sam, gasa kawai suke shiga, su shafe watanni suna atisaye saboda minti biyu da rabi a gaban alƙalai. Gwanayensu kan hallara a Olando ta jihar Filorida duk shekara, kuma a 2021 kwamitin Olamfik na duniya ya amince da hukumar wasan ta ƙasa da ƙasa. Yara ne ke yi, amma ba wasan yara ba ne.

Ɗagawa aikin mutum huɗu ne. Biyu su ne ginshiƙai, su ke riƙe da ƙafafu. Ɗaya tana baya, idonta a kan kai da wuyan wadda za a ɗaga, ita ce mai fara tarba idan abu ya ɓaci. Ta huɗun ita ce 'yar sama. Idan koci za ta raba wannan aiki, ba ta tambayar wa ya riga wa zuwa duniya. Nauyi take dubawa, da tsawo, da laushin jiki, da ƙarancin tsoro. Mara nauyi ita ke hawa, kuma a yawancin gidaje mara nauyin ita ce ƙarama. Rukunan shekarun kuwa suna da faɗi, 'yar shekara takwas da 'yar sha ɗaya suna iya faɗawa rukuni guda. Ga uwa mai mota ɗaya da aiki biyu, wannan rahama ce: kaiwa ɗaya, ɗaukowa ɗaya, sau da yawa har da rangwame a kuɗin 'ya ta biyun. Ga koci kuwa, gida guda aka sauke mata a bakin ƙofa, da duk abin da aka kwana da shi a ciki.

Ta farko a cikin irin waɗannan 'yan gida ɗaya ita ce ƙanwar da aka ɗaga. A gida ita ce mai gadon takalmi, mai zama a tsakiyar kujerar baya inda ba taga, wadda ake aika ta ɗauko rimot. Ranar da koci ta nuna ta da yatsa ta ce ke za ki hau, ranar ta yarda cewa akwai adalci a duniya. Ga ta tsaye a kan tafin hannun yayarta, ƙafa ɗaya a sama, haƙora a waje, duk wayoyin da ke zauren sun juyo gare ta. Daga nan sai ta fara shigar da ƙara daga can sama.

"Koci, tana matse min idon sawu."

"Koci, hannunta rawa yake."

A gida kuma ta daina ɗaukar ledar cefane, wai an ce su kula da wuyan hannu. Ginshiƙai aka faɗa wa haka, amma ita ta fi kowa riƙe umarnin. Kuma a tuna, a Amurka ƙanwa gatsau take kiran sunan yayarta, ba wani "Yaya" da zai ɗan sassauta zafin maganar. Sai dai mulkin nata yana da wa'adi, kuma ba koci ce ke yanke shi ba. Hutun bazara ɗaya ya isa. Ta dawo ta ƙara tsawo, ta tarar an kawo wata 'yar firit mai kama da tsinke, aka ce mata ta sauko ta kama ƙafar hagu. Yayarta, wadda ke riƙe da ta dama, ba za ta ce uffan ba. Za ta dube ta ne kawai ta yi wani murmushi da ta shekara biyu tana ajiyarsa.

Yayyen da ke ƙasa kala-kala ne. Akwai mai haƙuri, wadda ta sha takalmi a haɓa, ta sha gwiwa a ƙirji, ba ta taɓa kai ƙara ba. Ita ce wadda idan aka aika wa kaka hoton gasa, kaka ta gyara tabarau ta ce ina babbar, sai a ce mata ga hannunta nan a ƙasan hoton. Wannan yarinya duk shekara ita ake ba wa kyautar "mai kyakkyawan hali", kuma ta san sarai abin da kyautar take nufi.

Akwai kuma mai lissafi. Ita ba ta mantuwa. Da safe an cire mata caja alhali wayarta ba ta cika ba, ko an sa mata riga ba izini, ko an shanye ragowar madarar. Da yamma ga mai laifin a tafin hannunta. Ba za ta sake ta ba, wannan ko a mafarki. Amma akwai saukewa, akwai saukewa. Kuma a tsakanin ƙirgen nan da kowane motsi ke tafiya a kansa, biyar, shida, bakwai, takwas, tana iya cusa jumla guda ba tare da murmushinta ya motsa ba: "Rigata ce a jikinki." A nan dariya takan tsaya wa koci a maƙogwaro, domin abin ba na wasa ba ne. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya tana neman a ɗauki wasan zuga a matsayin cikakken wasan motsa jiki mai dokokin kariya, tana mai nuni da cewa kusan kashi biyu cikin uku na munanan raunukan da 'yan matan sakandare suka samu a fagen wasanni cikin shekaru masu yawa daga nan suka fito. Shi ya sa gogaggiyar koci ba a kan shimfiɗa take fara aiki ba. Ta taga take leƙen wurin ajiye motoci. Idan ta ga yaya da ƙanwa sun fito, kowace ta buga ƙofarta, ɗaya ta yi gaba ɗaya ta tsaya ɗaure igiyar takalmin da ke ɗaure, to yau ba mai ɗaga kowa. Sai a ce yau ranar gyaran tsalle ce.

Duk da haka, in da ni ce koci, yaya zan sa a baya. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma duk wanda ya daɗe a irin waɗannan zauruka ya taɓa ganin abin nan: 'yar sama ta karkata, ginshiƙai sun makara, sai ga yayar da tun safe ba ta yi mata magana ba ta shimfiɗe kanta a ƙasa don ƙanwar ta faɗo a kanta. Ta tashi tana ɗingishi, ta tabbatar ba abin da ya sami yarinyar, sannan ta zazzaga mata masifa, ta ƙare da maganar caja.

Sai mataimakiyar kocin da ba wanda ya naɗa. Yara ashirin ne a kan shimfiɗa, amma ita kuskuren mutum ɗaya take gani. "Miƙe gwiwa." "Kin makara." "Ba haka ake riƙe hannu ba." Koci ta ce mata, cikin ladabi irin nasu, ai akwai koci a nan. Ta ce to. Sai ta koma gyara da ido. A mai da ta can ƙarshen shimfiɗar, a sa ƙanwar a ɗaya ƙarshen, sai ta gano amfanin madubin da ke jikin bango. Abokiyar burminta ita ce mai kai rahoto, wadda ba ta cewa komai a wurin atisaye, tana tarawa ne. Kafin Mama ta gama tayar da mota ta fara: an yi wa wance faɗa sau biyu, ta faɗi a alkafura, kuma ta yi hira da wani yaro a bakin famfo. Yawanci waɗannan biyun gida ɗaya suke, kuma kowace tana ganin ɗayar ce ta fara.

Wadda na fi jin tausayi, kuma na fi jin tsoro, ita ce 'yar rakiya. Ba ta nemi zuwa ba. Ita littafinta take so, ko ƙwallon ƙafa, ko a bar ta ta kwanta. An sa ta ne saboda motar can za ta, kuma ba wanda zai zauna da ita a gida. Tana tafi bayan kowa ya gama tafi. Ribom ɗinta kullum a karkace. Idan aka ce a yi murmushi sai ta yi irin na hoton fasfo. Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Amma Allah ba ya raba baiwa bisa yawan so. Wata rana, tana hamma, sai ta yi alkafurar baya da yayarta ta shekara guda tana kuka a kanta, ta dira daram, ta tambaya ko an kusa tashi. Gasar tana da matakai bisa wahalar abin da yaro ya iya, kuma koci ba ta ganin irin wannan ta kau da kai. Sai a ɗaga 'yar rakiya zuwa mataki na gaba, a bar mai son abin da gaske inda take. Yanzu ranakun atisaye sun zama daban, lokutan gasa daban, wani lokaci garuruwan ma daban. Uwar da ta haɗa su don ta huta, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ita kuwa 'yar rakiya har yanzu tambayarta ɗaya ce: yaushe za a bar ta ta daina?

Tagwaye matsalarsu daga tela ta fara. Lawrence Herkimer, mutumin Dalas da ya buɗe sansanin horarwa na farko a 1948, wanda har yau wani tsalle ke ɗauke da sunansa, shi ne ya mai da tufafin wasan da tuntayen da ake kaɗawa sana'a. Tun daga lokacin burin kowace ƙungiya shi ne yara su zama kamar an buga su a inji ɗaya: riga iri ɗaya, ɗaurin gashi iri ɗaya, ribom iri ɗaya, ƙyalƙyali iri ɗaya a fatar ido. Yaran da ba su haɗa komai ba ma sai an lura ake bambanta su, balle waɗanda suka zo duniya tare. Koci takan shafe minti biyu tana yi wa ɗaya faɗa, yarinya ta tsaya shiru ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Koci, ba ni ba ce." Ana yi musu alama da launin igiyar takalmi, su musanya. Koci tana son ajiye ɗaya a dama ɗaya a hagu don tsari ya yi kyau a idon alƙalai, su kuma a cikinsu kusan kullum akwai ɗaya da ta gaji da zama rabin wani abu, tana son ko sau ɗaya a tafa mata ita kaɗai, ko da a kan kuskure ne.

Ƙanwar Wance ba ta da suna. Yayarta ta bar ƙungiyar shekaru uku da suka wuce, amma hotonta yana nan a bango riƙe da kofi. Duk abin da yarinyar nan ta yi daidai, jini ne. Duk abin da ta kasa, abin mamaki ne.

Namijin da ke cikinsu kuwa, da ƙafarsa ya zo ɗaukar ƙanwarsa, koci ta ga faɗin kafaɗarsa, shi ke nan. Yanzu shi ne ginshiƙin da ake ji da shi, kuma ya haddace tarihi don kare kansa a makaranta. Zai gaya maka cewa asali wasan na maza ne zalla, sai a shekarun 1920 mata suka fara shiga, kuma sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe samari sannan suka mamaye shi. Zai lissafa maka shugabannin Amurka da suka yi zuga a makaranta: Franklin Roosevelt, Dwight Eisenhower, Ronald Reagan, George W. Bush. Duk gaskiya ne, kuma ba ya hana abokansa tsokanarsa. Ƙanwar tasa ce ke cikin tsaka mai wuya. A da nan ne wuri ɗaya tak da ba ya shiga. Yanzu ƙawayenta, waɗanda ba su taɓa tambayarta komai game da gidansu ba, sun fara son sanin ko yana zuwa ranar Asabar.

Akwai kuma waɗanda aure ya haɗa, ba haihuwa ba, ko waɗanda uba ɗaya ne uwa kowa da tata. A Amurka irin wannan gida ba baƙon abu ba ne, kuma yara sukan raba mako tsakanin gidan uwa da gidan uba. Sakamakon haka siket yana wancan gida, takalmi yana wannan, ribom kuma yana cikin motar da ta tafi wata jiha. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan abin da ke faruwa idan mata biyu suka zauna a benci ɗaya, kowace da 'yarta a kan shimfiɗa, mijin kuma yana tsaye a bayansu yana ƙoƙarin tafi da ƙarfi iri ɗaya.

A gefen shimfiɗar kuma akwai auta, 'yar shekara uku, riƙe da kofin ruwanta. Ba ta cikin ƙungiya, amma ta fi rabin 'yan ƙungiyar sanin rawar, kuma ita kaɗai ce ba ta taɓa fashin atisaye ba.

Da yara kaɗai ne, da an ji da su. Iyaye ne suke mai da ƙaramar magana babba. Uwa mai sikeli tana zaune da waya a hannu, tana ƙirga daƙiƙoƙin da kowace 'yarta ta yi a sahun gaba. Maganarta kullum da gabatarwa take zuwa: "Koci, ba wai ina koya miki aikinki ba ne." Daga nan sai ta koya mata aikinta. Buƙatarta ita ce a yi wa yaran daidai wa daida: idan an ɗaga ƙarama a ɗaga babba. A yi mata bayanin cewa babbar ta fi duk waɗanda za su ɗaga ta nauyi, sai ta ce ai a gida ba ta bambanta su. Da gaskiyarta, a gida ba a cilla kowa sama. Irin zafin da iyaye ke ɗauka a kan wasan nan har ya shiga kundin kotu. A 1991, a garin Channelview na jihar Teksas, an kama wata mata mai suna Wanda Holloway da laifin neman wanda zai kashe mahaifiyar yarinyar da ke takara da 'yarta, bisa lissafin cewa baƙin ciki zai sa yarinyar ta janye. Ba a kai ga kisan ba. Tun daga lokacin, duk kocin da ta samu saƙo mai sakin layi shida da ƙarfe sha ɗaya na dare tana da abin da za ta lallashi kanta da shi.

Uban shi nasa mai sauƙi ne. Waya ɗaya, 'ya'ya biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ya karkata nan, ya karkata can, ya ji tsoron a ce ya fi son wata, sai ya tsayar da wayar a tsakiya. Aka dawo gida aka kunna: minti biyu da rabi na 'yar wasu mutane, tana rawa tsaf.

Su kansu masu horarwar sun kasu. Mai rabawa ta yi rantsuwa ba za ta ƙara sa 'yan gida ɗaya a rukunin ɗagawa ɗaya ba, kuma idan ka tambaye ta dalili sai ta yi shiru tana kallon nesa. Mai haɗawa ta ce ba wanda ya san numfashin mutum kamar wanda suke kwana ɗaki ɗaya, kuma a gida ma za su iya maimaita ƙirge. Suna maimaitawa kuwa, a falo, kusa da talabijin, har ranar da fankar sama ta shiga maganar. Dukansu biyu suna da hujja, kuma dukansu sun taɓa canza ra'ayi a tsakiyar shekara. Abin da na lura masu daɗewa a aikin suna yi ƙanana ne: su kira kowace da sunanta, ba "ke da 'yar'uwarki" ba, su yi wa kowace gyara ita kaɗai, nesa da kunnen ɗayar, kada su taɓa aika saƙon faɗa ta hannun yaya, kuma kalmar "dubi yadda 'yar'uwarki take yi" su haɗiye ta ko da ta zo bakin leɓe.

Wadda ta fi kowa shan wahala ita ce kocin da yaran nata ne. A ƙananan ƙungiyoyin unguwa yawancin masu horarwa iyaye ne 'yan sa kai, kuma ba wanda ke sa kai sai mai 'ya a ciki. Mai biyu a ciki kuwa, sa kai ya fi bauta ciwo. Idan ta ɗaga 'yarta, benci ya ɗau ƙus-ƙus, an ce son kai. Idan ta ƙi ɗaga ta alhali ta cancanta, a gida za a yi shari'ar. Don ta wanke kanta sai ta fi tsananta wa nata, kuskuren da za ta yafe wa 'yar maƙwabta sai ta sa nata su maimaita sau biyar. Ta kafa doka mai ƙarfi: daga bakin ƙofar nan zuwa ciki ba Mama, Koci ce, daga mota zuwa gida ba Koci, Mama ce, kuma ba a kawo maganar can nan, ba a kai ta nan can. Ƙaramar takan manta ta kwala "Mama!" a tsakiyar atisaye, babbar ta gyara mata da ƙarfi don kowa ya ji.

Amma wannan doka ta yi abin da shekara goma na nasiha suka kasa, ta haɗa kan yaran. Waɗanda ba su taɓa yarda da juna a kan ko da tashar talabijin ba, yanzu sun sami abokin gaba ɗaya, kuma sun gano ƙofar da dokar ta bari a buɗe. Da daddare, an zauna cin abinci, sai babbar ta dubi ƙaramar, ƙaramar ta ajiye cokali ta gyara zama.

"Mama, kin san abin da Koci ta yi mana yau?"

Dole ta ce ba ta sani ba, dole kuma ta saurara har ƙarshe.